Gambiya da ECOWAS: Abin da Ya Yiwu a Banjul, da Aikin da Ya Rage

A farkon watan Agustan 1990, lokacin da yaƙin basasar Laberiya ya iso cikin birnin Monrobiya, wasu shugabannin Afirka ta Yamma suka hallara a Banjul, babban birnin Gambiya. Sir Dawda Jawara, shugaban Gambiya na farko, shi ke riƙe da shugabancin ECOWAS a lokacin, ƙungiyar da 'yan'uwanmu na Nijar suka fi sani da CEDEAO. A wannan zama aka yanke shawarar da ba a taɓa yin irinta a yankin ba: a haɗa sojojin ƙasashe a tura su cikin wata ƙasa mamba domin tsayar da zubar da jini. Haka aka haifi ECOMOG. Najeriya ta Janar Babangida ce ta ɗauki mafi nauyin kayan, kuɗi da sojoji, amma Gambiya ma, duk da ƙanƙantarta, ta ba da nata dakarun.

Shekara 26 da 'yan watanni bayan haka, sojojin ƙungiyar suka ja daga a kan iyakar Gambiyar kanta.

Wanda bai taɓa duba taswira da kyau ba zai yi wuya ya gane dalilin da ya sa Gambiya take riƙe da ECOWAS hannu bibbiyu. Ita ce ƙasa mafi ƙanƙanta a doron nahiyar Afirka in an cire tsibirai. Girmanta wajen murabba'in kilomita 11,300 ne, wato ɗan fiye da rabin jihar Kano, kuma ƙidayar 2024 ta nuna mutanenta miliyan 2.4, ba su kai na birnin Kano ba. Ƙasar gaba ɗayanta gaɓa biyu ce ta Kogin Gambiya, faɗinta a inda ya fi yawa bai kai kilomita 50 ba. Senegal ta kewaye ta arewa, kudu da gabas, kamar harshe a cikin baki. Yamma kaɗai take da mafita, ta Tekun Atlantika. Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata wannan iyaka, suka raba Mandinka da Wolof da Fulani da Jola gida biyu, wasu na karatu da Turancin Ingilishi, wasu da Faransanci.

Ƙasar da take da maƙwabci ɗaya tak tana da matsalar da manyan ƙasashe ba su san zafinta ba. In maƙwabcin ya rufe iyaka, kasuwa ta mutu. In ya kawo taimako, taimakon yakan zo da sharaɗi. Jawara ya ɗanɗana wannan a watan Yulin 1981. Yana Landan wajen ɗaurin auren Yarima Charles sai Kukoi Samba Sanyang ya yi yunƙurin kifar da gwamnatinsa. Gambiya ba ta da rundunar soja a lokacin, don haka sojojin Senegal ne suka shigo suka maido shi kan kujera, bayan an yi asarar ɗaruruwan rayuka. Ladan wannan ceto shi ne tarayyar Senegambiya da aka ƙulla a 1982. 'Yan Gambiya da yawa sun ɗauke ta a matsayin hanyar haɗiye ƙasarsu sannu a hankali, kuma a 1989 ta watse.

Daga nan ake fahimtar amfanin ƙungiyar yanki ga ƙaramar ƙasa. A zaman mutum biyu, Banjul da Dakar, kowa ya san wanda muryarsa za ta fi ƙarfi. A zauren ECOWAS kuwa, inda aka fara da ƙasashe 15 a Legas ranar 28 ga Mayun 1975, shugaban Gambiya kujera ɗaya yake da ita kamar na Najeriya, kuma yana iya samun abokai a Abuja da Akara da Firitawun waɗanda za su sa maƙwabcinsa ya sassauta murya. Shi ya sa bayan rushewar Senegambiya Jawara ya juya ga Najeriya, aka turo masa hafsoshi su horar da sabuwar rundunar ƙasar, har wani ɗan Najeriya, Kanar Abubakar Dada, ya riƙe kwamandancinta. Masu nazari da dama suna lissafa ƙorafin ƙananan hafsoshi kan wannan tsari, da kuma jinkirin biyan alawus na waɗanda suka dawo daga Laberiya, cikin abubuwan da suka share fagen abin da ya faru ranar 22 ga Yulin 1994, ranar da wani laftana ɗan shekara 29, Yahya Jammeh, ya karɓe mulki. Jawara ya fice a jirgin ruwan yaƙin Amurka zuwa Dakar. ECOWAS ba ta ɗaga ko yatsa ba. Da wane baki za ta yi magana, alhali Janar Abacha ne a Abuja?

Kotun da ke Abuja

Ana yawan fara labarin Gambiya da ECOWAS daga 2016. Ni a ganina ɓangaren da ya fi cancantar a tsaya a kansa ya girmi wannan, kuma ba a yi shi da bindiga ba.

A 2001 shugabannin ƙungiyar suka sa hannu a Dakar kan yarjejeniyar dimokuraɗiyya da kyakkyawan mulki, wadda ta ce ba za a lamunci hawa mulki ko zama a kansa ta haramtacciyar hanya ba. A 2005 kuma aka faɗaɗa hurumin Kotun ECOWAS da ke Abuja ta yadda talaka zai iya maka gwamnatinsa ƙara kan take haƙƙinsa kai tsaye, ba sai ya gama zagaye kotunan ƙasarsa ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da yake zaune a ƙasar da shugaba ke naɗa alƙali da safe ya kore shi da yamma.

'Yan jaridar Gambiya na cikin waɗanda suka fara ƙwanƙwasa wannan ƙofa. A watan Yulin 2006 jami'an leƙen asiri suka ɗauke Chief Ebrima Manneh daga ofishin jaridar Daily Observer, ba a sake ganinsa a fili ba. Gidauniyar kare 'yan jarida ta Afirka ta Yamma da ke Akara ta shigar da ƙara a madadinsa. Gwamnatin Jammeh ta ƙi zuwa kotun. A 2008 alƙalan suka ce a sake shi a kuma biya shi diyyar dala 100,000. Musa Saidykhan, editan jaridar The Independent, ya nuna wa kotun tabon azabar da aka gana masa a tsare. A 2010 aka yanke a ba shi dala 200,000. A 2014 kotun ta samu gwamnati da laifin ƙin yin binciken kirki kan kisan Deyda Hydara, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa jaridar The Point, wanda aka harbe a motarsa a daren 16 ga Disambar 2004.

Jammeh bai biya ko sisi ba. Amma hukuncin ya dame shi, domin a 2009 gwamnatinsa ta kai ƙudurin a rage wa kotun ƙarfi, a tilasta wa mai ƙara ya fara bi ta kotunan gida. Sauran ƙasashen suka ƙi. Wannan ƙin na ministocin shari'a a ɗakin taro ba ya cikin abubuwan da ake tunawa, amma da sun amince, da an rufe hanya ɗaya tilo da ta rage wa iyalan waɗanda aka zalunta su sa a rubuta a takardar hukuma cewa abin da aka yi musu ya faru. Sai bayan tafiyar Jammeh sabuwar gwamnati ta fara biyan waɗannan diyyoyi. Manneh dai bai dawo ba.

Akwai kuma inda ƙungiyar ta gaza, gazawa mai muni. A watan Yulin 2005 jami'an tsaron Gambiya suka kama 'yan ci-rani fiye da 50 da suka sauka a gaɓar teku a hanyarsu ta neman shiga Turai. Mafi yawansu, wajen 44, 'yan Gana ne. Akwai 'yan Najeriya, da na Senegal, da Togo, da Kwaddibuwa. Aka zarge su da zama sojojin haya. A cikin 'yan kwanaki aka karkashe su kusan duka, wasu a daji a tsallaken iyaka cikin yankin Kasamas na Senegal. Wani ɗan Gana, Martin Kyere, ya diro daga motar da ake kai su, ya tsira, shi ya kai labari gida. Waɗannan 'ya'yan ECOWAS ne, waɗanda yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979 ta ba su damar shiga kowace ƙasa mamba ba tare da biza ba. Ƙungiyar da Majalisar Ɗinkin Duniya suka yi binciken haɗin gwiwa, a 2009 aka sanar cewa wasu ɓata-gari ne cikin jami'an tsaro suka yi gaban kansu, aka wanke gwamnati, kuma ba a saki cikakken rahoton ba. Shekara goma bayan haka, 'yan rundunar kisa ta Junglers suka zauna a gaban hukumar binciken gaskiya a Gambiya, ana haska su a talabijin, suka faɗa da bakinsu cewa umarnin daga sama ya zo. Iyalan 'yan Najeriyar da ke cikin waɗanda aka kashe ba su ma samu kulawar da na Gana suka samu ba, kuma wannan abin kunya ne a gare mu.

Dangantakar ta ci gaba da tsami. A 2011 ECOWAS ta ƙi tura masu sa ido zaɓen shugaban ƙasa, ta ce yanayin tsoratarwa da ake ciki ba zai bari a yi sahihin zaɓe ba. A taron Akara na Mayun 2015 aka kawo shawarar taƙaita wa shugabannin yankin wa'adi biyu. Gambiya da Togo suka tsaya kai da fata, shawarar ta mutu. A farkon 2016 Jammeh ya ninka kuɗin da manyan motocin Senegal ke biya don ratsa ƙasarsa har sau ɗari, direbobin Senegal suka toshe iyaka na tsawon watanni, kaya suka yi tsada a Banjul. Inda ya kai kuka kuwa? ECOWAS. Mutumin da ya fitar da ƙasarsa daga Commonwealth a 2013, ya kuma sanar da ficewa daga Kotun Duniya ta manyan laifuka a 2016, bai taɓa fita daga wannan ƙungiya ba. Taswira ba ta ba shi wannan damar ba.

Mako bakwai

A Gambiya ba da takarda ake kaɗa ƙuri'a ba. Mai zaɓe yana karɓar ƙwallon gilashi guda, ya shiga bayan labule inda aka jera ƙananan gangunan ƙarfe, kowacce da launinta da hoton ɗan takararta. Ya jefa ƙwallon ta wani bututu, ƙararrawa irin ta keke ta buga a ciki, ma'aikatan da ke waje su ji cewa ƙuri'a ɗaya ce ta faɗa. Wajen ƙirga sai a juye ƙwallayen a kan allo mai ramuka, kowane ƙwallo ya zauna a raminsa, ko wanda bai yi boko ba yana iya ganin wanda ya fi. A zaɓen 1 ga Disambar 2016 a kowace rumfa aka yi ƙirgar nan take, a gaban wakilan jam'iyyu.

'Yan adawa sun shiga zaɓen da rauni a jiki. A watan Afrilu Solo Sandeng na jam'iyyar UDP ya mutu a hannun jami'an leƙen asiri bayan ya jagoranci zanga-zangar neman gyaran dokar zaɓe, shugaban jam'iyyar kuma, Ousainou Darboe, aka ɗaure shi shekara uku don ya fito neman gawar. Wannan ya sa jam'iyyu bakwai suka dunƙule bayan mutum ɗaya, Adama Barrow, dillalin gidaje da filaye wanda ba a san shi sosai ba. Ya samu kashi 43.3 cikin ɗari, Jammeh 39.6, Mama Kandeh 17.1. Tazarar ba ta kai ƙuri'a 20,000 ba. Washegari aka ga Jammeh a talabijin riƙe da waya yana taya Barrow murna. Bayan mako guda, ranar 9 ga Disamba, ya dawo ya ce bai yarda ba, yana kafa hujja da gyaran alƙaluma da hukumar zaɓe ta yi.

Saurin da ƙungiyar ta yi ya ba mutane mamaki. Ranar 13 ga wata shugabanni huɗu suka sauka a Banjul: Ellen Johnson Sirleaf ta Laberiya mai shugabancin ƙungiyar, Muhammadu Buhari, Ernest Bai Koroma na Saliyo, da John Mahama na Gana. Zaɓen waɗannan mutane kansa saƙo ne. Buhari ya hau mulki a 2015 ne domin Goodluck Jonathan ya amince da shan kaye. Mahama kuwa kwana huɗu kacal ke nan da ya kira Nana Akufo-Addo ya taya shi murnar kayar da shi. A ranar da suka iso sojoji suka mamaye ofishin hukumar zaɓe suka hana shugabanta, Alieu Momar Njai, shiga. Ranar 17 ga Disamba, a taron ƙoli na Abuja, aka naɗa Buhari babban mai shiga tsakani, Mahama na taimaka masa, aka kuma ce za a ɗauki duk matakin da ya wajaba don a mutunta sakamakon zaɓen.

A nan wani tsohon haɗin kai ya yi tasirin da ba wanda ya tsara. Tun bayan samun 'yancin kai a 1965 Gambiya take aron alƙalai daga ƙasashen da suke bin tsarin shari'a irin nata, musamman Najeriya da Gana da Saliyo. Jammeh ya yi amfani da wannan hanya ya cika kotuna da baƙin alƙalai 'yan kwantiragi waɗanda korarsu ba ta da wuya, har 'yan Gambiya suka riƙa kallon wasunsu da mugun ido. Jam'iyyarsa ta shigar da ƙarar zaɓe a Kotun Ƙoli, amma kotun ba ta da isassun alƙalai, ta fi shekara ba ta zauna ba. Aka nemi alƙalai daga Najeriya da Saliyo, ba su zo ba. Alƙalin alƙalan ƙasar, Emmanuel Fagbenle, shi ma ɗan Najeriya, ya sanar ranar 10 ga Janairun 2017 cewa ba za a iya sauraren ƙarar ba sai bayan watanni. Daga baya ya ƙi sauraren buƙatar hana rantsar da Barrow. Hanyar da Jammeh ya so ya bi ya ja lokaci da sunan shari'a ta toshe.

Majalisar Wakilan Najeriya ta kaɗa ƙuri'ar a yi masa tayin mafaka. Buhari ya koma Banjul ranar 13 ga Janairu, bai samu abin da ya je nema ba, amma tawagar ta fito da Barrow zuwa Bamako inda ake taron Faransa da Afirka, daga can aka wuce da shi Dakar. Yana can ɗansa ɗan shekara takwas ya rasu bayan kare ya cije shi, bai samu halartar jana'iza ba. Ranar 17 ga wata Jammeh ya kafa dokar ta-ɓaci ta kwana 90. Masu yawon buɗe ido na Turai suka cika filin jirgin sama, mutanen gari kuma suka yi cincirindo a tashar jirgin fito ta Banjul da ƙullin kaya a ka. Hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce kimanin mutum 45,000 ne suka tsallaka Senegal, yawancinsu mata da yara.

Ranar 19 ga Janairu, a wani ƙaramin ɗaki na ofishin jakadancin Gambiya a Dakar, shugaban ƙungiyar lauyoyin ƙasar ya rantsar da Barrow. Jim kaɗan Kwamitin Sulhu ya amince da ƙuduri mai lamba 2337 wanda Senegal ta gabatar, sojojin Senegal suka tsallaka iyaka, Najeriya ta riga ta tura jiragen yaƙi Dakar da jirgin ruwa NNS Unity, Gana ta ba da sojoji 205. Sai aka dakatar da dakarun don a ba Alpha Condé na Gini da Mohamed Ould Abdel Aziz na Muritaniya damar yin magana ta ƙarshe. Daren 21 ga Janairu Jammeh ya hau jirgi, ya yada zango a Konakiri, ya zarce Ikwatoriyal Gini. Ba a gwabza yaƙi ba.

Dole a faɗi gaskiya kan hujjar shari'a ta wannan shiga. Ƙudurin 2337 ya goyi bayan ƙoƙarin ECOWAS amma ya ce a fara da hanyoyin siyasa. Bai ba da izinin amfani da ƙarfi a fili ba. Abin da aka dogara da shi shi ne gayyatar Barrow, shugaban da aka rantsar a wajen ƙasarsa, wanda ba shi da iko da ko ofishin 'yan sanda ɗaya a lokacin. Masana dokokin ƙasa da ƙasa suna ta muhawara a kai har yau. Ina ganin ƙungiyar ta yi daidai, kuma ina ganin dalilin da ya sa ta yi nasara ba a cikin jiragen yaƙin yake ba. Kafin soja ɗaya ya taka iyaka, 'yan Gambiya sun gama nasu aikin. Sun yi zaɓe, hukumar zaɓensu ta tsaya a kan sakamakon duk da shugabanta ya tsere don tsira da rai. Ƙungiyar lauyoyi, ta malaman makaranta, ta 'yan kasuwa, malaman jami'a, duk sun ce ya sauka. Jakadun ƙasar da dama sun juya masa baya, ministoci suka riƙa ajiye aiki ɗaya bayan ɗaya, har mataimakiyarsa Isatou Njie-Saidy. Babban hafsan sojoji, Ousman Badjie, ya ce ba zai sa yaransa su mutu a rikicin siyasa ba. Ƙara da cewa rundunar 'yan dubbai kaɗan ce, kuma Senegal, wadda ta daɗe tana zargin Jammeh da ɗaure wa 'yan tawayen Kasamas gindi, tana da nata dalilin na son ganin bayansa.

Bayan tafiyarsa

An biya farashi. Don a lallashe shi ya tafi, ECOWAS da Tarayyar Afirka da Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar da sanarwar haɗin gwiwa mai alƙawarin kare mutuncinsa da dukiyarsa ta halal da haƙƙinsa na dawowa gida. Aka ga ana loda motocinsa na alfarma a jirgin dakon kaya. Gwamnatin Barrow ta ce sanarwar ba yarjejeniya ba ce da ta ɗaure ta, amma magoya bayan Jammeh har gobe suna ɗaga wannan takarda. Hukumar Janneh da ta binciki dukiyarsa ta gano ya wawure aƙalla dala miliyan 362.

Rundunar ECOWAS ɗin, ECOMIG, da aka ce ta 'yan watanni ce, ta zauna. Aka rage yawanta, ana ta sabunta wa'adinta shekara bayan shekara, Tarayyar Turai ta ɗauki kaso mai yawa na kuɗinta a shekarun farko. Sojojin Senegal ne suka riƙe gadin fadar shugaban ƙasa, su ne kuma aka girke a Foni, yankin Jola inda Jammeh ya fito, daf da Kasamas. A watan Yunin 2017 suka buɗe wuta kan masu zanga-zanga a Kanilai, mahaifarsa, mutum ɗaya ya mutu. A Janairun 2022 suka yi arangama da 'yan tawayen MFDC na ɓangaren Salif Sadio yayin da suke sintirin hana fasa-ƙwaurin katako. Sojojin Senegal huɗu suka mutu, aka kama bakwai aka sake su daga baya. Katakon nan galibi madobiya ne, icen da aka yi wa irin wannan sara a dazukan Taraba, ana sare shi a Kasamas a bi da shi ta tashar jiragen ruwan Banjul zuwa Sin. Farmakin da Senegal ta kai bayan haka ya raba dubban mutanen ƙauyukan iyaka da gidajensu. Mutumin Foni da ya tambaya ko wannan runduna ta ECOWAS ce ko ta Senegal ce da hular ECOWAS, tambayarsa tana kan hanya. Ƙungiyar da ƙaramar ƙasa ta shiga don kada a bar ta ita kaɗai da babban maƙwabci ta wayi gari ita ce inuwar da sojojin maƙwabcin suke zaune a ƙarƙashinta. Gyaran rundunar sojan Gambiya, wanda shi ne zai ba baƙin damar tafiya, yana tafiyar hawainiya.

Ba duka ne ɗaci ba. Ranar 21 ga Janairun 2019 Barrow da Macky Sall na Senegal suka buɗe gadar Senegambiya a Farafenni, wadda Bankin Raya Afirka ya ba da yawancin kuɗinta. Kafin ita, direban babbar mota daga Dakar zuwa Ziguinchor yakan kwana da kwanaki a layin jirgin fito. An shafe shekaru da dama ana maganar gadar, rashin yarda tsakanin gwamnatocin biyu ya hana. A Yulin 2022 kuma ɗan Gambiya, Omar Alieu Touray, ya zama shugaban Hukumar ECOWAS a Abuja.

Shi ne ya karanta sanarwar 30 ga Yulin 2023, wadda ta ba sojojin Nijar mako guda su maido da Mohamed Bazoum ko a yi amfani da ƙarfi. Duk wanda yake Kano ko Maraɗi ko Birnin Ƙonni a lokacin ya san yadda ta kaya: iyaka a rufe, wutar lantarki a yanke, motocin albasa da na magani jere a Jibiya da Illela, sanatocin Arewa da malamai da sarakuna suna cewa ba za a yaƙi 'yan'uwa ba. Na yi imani nasarar Banjul tana cikin abin da ya ruɗi shugabannin ƙungiyar. Sun tuna wa'adi da jiragen yaƙi, suka manta cewa a Gambiya sojojin ƙasar sun ƙi yin faɗa, jama'a sun tarbi dakarun da murna, maƙwabcin da ya kewaye ƙasar yana gaba-gaba, kuma babu wata ƙasa mamba da ta ce za ta tsaya wa Jammeh. A Nijar kowane ɗaya daga cikin waɗannan akasinsa ne aka samu. Aka janye takunkumin a Fabrairun 2024, Bazoum na tsare, kuma ranar 29 ga Janairun 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso ta tabbata. Wani abin da ya rage wa ƙungiyar kwarjini a idon talaka shi ne shirun da ta yi lokacin da Alpha Condé, wanda ya lallashi Jammeh ya sauka, ya sauya kundin tsarin mulki ya yi tazarce a 2020.

Wannan ciwon bai tsallake Gambiya ba. Barrow ya yi wa abokan ƙawancensa alƙawarin shekara uku, ya yi biyar. Daftarin sabon kundin tsarin mulki mai taƙaita wa'adi biyu ya faɗi a majalisa a Satumbar 2020. A 2021 ya ƙulla ƙawance da wani ɓangare na APRC, jam'iyyar Jammeh, ya lashe zaɓen Disamba da kashi 53 cikin ɗari. Har yanzu kundin 1997 na zamanin Jammeh, wanda babu iyakar wa'adi a cikinsa, shi ake aiki da shi. Ƙungiyar da ta kawo sojoji don a mutunta ƙuri'ar 2016 tana da bakin da za ta yi magana a kan wannan, kuma ya kamata ta yi ta da ƙarfi fiye da yadda take yi.

Babban abin da ke gaban ɓangarorin biyu yanzu shi ne shari'a. Hukumar gaskiya da sasantawa, ƙarƙashin Lamin Sise, ta fara zama a Janairun 2019, ta saurari shaidu kusan 400, ta miƙa rahotonta a ƙarshen 2021. Ta gano an kashe mutum 240 zuwa 250 a hannun jami'an gwamnati, ban da fyaɗe, da azabtarwa, da farautar waɗanda aka yi wa ƙazafin maita a 2009, da masu cutar ƙanjamau da aka raba da magungunansu aka ɗura musu haɗin da Jammeh ya ce yana warkarwa. Ta ba da shawarar a gurfanar da shi. Kotunan waje ma sun yanke nasu hukunce-hukuncen: Jamus ta yanke wa Bai Lowe, direban Junglers, ɗaurin rai-da-rai a 2023, Siwizalan ta ɗaure tsohon ministan cikin gida Ousman Sonko shekara 20 a 2024, wata kotu a Amurka ta samu Michael Correa, ɗan Junglers, da laifin azabtarwa a 2025.

Ranar 15 ga Disambar 2024, a taron ƙoli na Abuja, shugabannin ECOWAS suka amince da kafa kotu ta musamman tare da Gambiya don hukunta laifukan da aka aikata tsakanin Yulin 1994 da Janairun 2017. Wannan ne karo na farko da ƙungiyar ta shiga irin wannan aiki da wata ƙasa mamba. Tsarin ya tanadi alƙalan Gambiya da na waje, ya ba da damar tuhumar laifuka irin su cin zarafin bil'adama waɗanda dokokin ƙasar ba su tanada ba a lokacin da aka aikata su, kuma kotun na iya zama a wata ƙasa in tsaro ya buƙaci haka. Abu biyu ke gabanta. Na farko kuɗi: aikin zai ci miliyoyin daloli, baitulmalin Banjul ba zai iya shi kaɗai ba, ƙungiyar kuma ta rasa mambobi uku da harajin da suke biya. Na biyu shi kansa wanda ake tuhuma. Ikwatoriyal Gini ba mamba ba ce a ECOWAS, tana ƙungiyar Afirka ta Tsakiya, kuma Shugaba Obiang ya taɓa cewa a fili zai kare baƙonsa. Fito da Jammeh daga can zai buƙaci Abuja da Akara da Dakar su matsa lamba tare kamar yadda suka yi a 2017, wannan karon ba tare da wani wa'adi na 19 ga Janairu da zai tilasta musu hanzari ba. Gana da Najeriya suna da dalilinsu na kansu, domin 'ya'yansu na cikin waɗanda aka kashe a 2005. Daga Ikwatoriyal Gini Jammeh yana ci gaba da aiko da saƙon murya ana kunnawa a tarukan magoya bayansa a Kanilai, yana cewa zai dawo, yayin da wasu daga cikin shaidun da suka yi magana a gaban hukumar gaskiya sun riga mu gidan gaskiya ba su ga an buɗe shari'ar ba.